Rubutun da ke Ɓacewa a Baƙar Taga: Sharhi Kan Launi a Taminal da Ƙa'idar 4.5

Duk wanda ya fara koyon rubuta manhaja, ko kula da saba (kwamfutar da ke ɗauke da shafuka da bayanai ga wasu), ko saita rauta (na'urar rarraba intanet), ba ya daɗewa sai ya haɗu da taminal, wato tagar nan mai baƙin bango inda ake buga umarni da rubutu zalla, kwamfuta ta maido da amsa da rubutu. Ɗaliban kwamfuta na Kazaure da Wudil da Bichi da Haɗeja da Kafin Hausa suna buɗe ta kullum. Haka ma matasan da suka shiga shirin 3MTT na koyar da fasahar kwamfuta da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, waɗanda wasunsu daga ƙauyukansu suke bin darasi, da laftof ta hannu da datar waya.

Akwai ƙorafin da ba ya ƙarewa a tsakaninsu. Wani ya ce, "Malam, sunayen folda ba sa fitowa a tawa." Wani ya ce launin da ke allon malam daban, nasa daban, alhali umarni ɗaya suka buga. Wani kuma ya zaɓi tsarin launin da yake so a VS Code, manhajar Microsoft da ake rubuta manhajoji a cikinta, sai ya ga taminal ɗin ciki ta sauya masa launukan ba da izininsa ba. Wannan na ƙarshen yana da dalili sananne: a sigar 1.66 ta watan Maris na 2022, Microsoft ta kunna wata ƙa'ida da ke sa taminal ɗin VS Code ta ƙara wa rubutu haske ko duhu da kanta, har sai bambancinsa da bango ya kai 4.5. Daga ina wannan lamba ta fito, kuma ko ta isa ta magance matsalar ga mai aiki a ƙarƙashin rumfa a Gujungu ko Ɗambatta?

## Wa ke zaɓen launi

Kafin ta zama taga a cikin kwamfuta, taminal na'ura ce mai zaman kanta: allo da madannai, an haɗa su da waya zuwa babbar kwamfuta da ke wani ɗakin. Wadda ta fi shahara ita ce VT100 da kamfanin DEC na Amurka ya fitar a 1978, kuma ba ta nuna launuka. Yadda babbar kwamfuta ke ba irin wannan na'ura umarni, kamar "matsa nan" ko "kaurara wannan kalma", an tsara shi a wata ƙa'ida mai suna ECMA-48 da aka fara fitarwa a 1976, aka ci gaba da faɗaɗa ta. A cikinta ne aka ware lambobi 30 zuwa 37 don launin rubutu, 40 zuwa 47 don launin bango. Lamba 31 ja ce, 32 kore, 33 rawaya, 34 shuɗi. Launuka 8 ke nan. Daga baya aka ƙara musu takwarorinsu 8 masu haske, a lambobi 90 zuwa 97, suka zama 16.

Tushen rikicin yana nan: ƙa'idar ta ambaci sunan launi, amma ba ta faɗi zurfinsa ba. Manhaja tana aika lamba 34, taminal ce ke yanke hukuncin wane irin shuɗi za ta nuna. Kamar mutum ne ya aika da yadi marina ya ce a rina shi shuɗi, bai ƙara komai ba. Wani marinin zai dawo da shi da haske, na Kura kuwa yana iya tsoma shi har ya kusa komawa baƙi, kuma babu wanda ya saɓa umarni.

A kwamfuta ana haɗa kowane launi daga ja da kore da shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Tsohuwar tagar umarni ta Windows ta ba shuɗi 128, ba ja ba kore. PuTTY, wadda masu saita rauta da saba ke amfani da ita sosai, ta ba shi 187. Xterm ta Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta irin Windows, ta ba shi 238. Shi ya sa allon malam da na ɗalibi ke saɓawa. Umarnin ls kuma, wanda ke jera abin da ke cikin folda, an saita shi tun asali ya nuna sunayen folda da lamba 34 mai kauri. Wato abin da sabon ɗalibi ya fi dubawa shi ne aka rina da launin da ya fi wuyar gani.

Manhajar da ke buga rubutun ba ta ganin bangon da rubutun zai sauka a kai. Ba ta san ko baƙi ne ba, ko fari, ko shuɗin nan na tsohuwar tagar PowerShell ta Windows, ko launin gauta mai duhu na Ubuntu, wani nau'in Linux. Akwai hanyar da za ta iya tambayar taminal launin bangonta, sai dai ba kowace taminal ke amsawa ba, kuma ba kowane mai rubuta manhaja ke tambaya ba.

## Yadda ake auna bambancin haske

Lambar 4.5 daga duniyar shafukan intanet ta zo. A Disamba 2008 ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta fitar da WCAG 2.0, kundin sharuɗɗan da ke sa shafi ya amfani kowa har da masu larura. An sabunta shi a 2018 da 2023, amma lissafin bambancin haske bai sauya ba.

Lissafin ba shi da wuya. Kowane launi ana ba shi ƙarfin haske tsakanin 0, wato baƙi ƙirin, da 1, wato fari fat. Sai a ƙara 0.05 a kan na rubutu da na bango, a raba babban da ƙaramin. Fari a kan baƙi yana ba da 21, shi ne maƙura. Launi a kan kansa yana ba da 1, wato ba a ganin komai. Sharaɗin matsakaicin mataki shi ne rubutu na yau da kullum ya kai 4.5, manyan haruffa su kai 3. Mataki mafi tsauri yana neman 7. An samo 4.5 ne ta hanyar ɗaukar 3, wanda wata tsohuwar ƙa'ida ta ɗauka ya ishi mai lafiyayyen ido, aka ninka shi da 1.5 don a rufa wa wanda ganinsa ya ɗan ragu, kamar yadda yake faruwa da tsufa.

Abin da ya fi muhimmanci a lissafin shi ne launukan ukun ba ƙarfinsu ɗaya ba a idon ɗan Adam. Kore yana ɗauke da kusan kashi 72 cikin 100 na hasken da ido ke ji, ja kashi 21, shuɗi kashi 7 kacal. Ƙwayoyin da ke tsinkayar shuɗi a bayan ido ƴan kaɗan ne, kuma kusan babu su a tsakiyar wurin da ake karatu da shi. Don haka ko an ƙure shuɗi zuwa 255, a kan baƙin bango wajen 2.4 kawai yake. Na PuTTY yana wajen 1.7. Na tsohuwar Windows yana wajen 1.3, wanda tazararsa da rashin gani gaba ɗaya kaɗan ce. Ɗalibin da ya ce sunayen folda ba sa fitowa gaskiya ya faɗa, idonsa lafiya lau, laftof ɗinsa ma haka.

Microsoft ta sauya launukan tagar Windows a 2017, ta zuba wa shuɗin ɗan kore don ya ƙara haske, kuma wannan tsarin, mai suna Campbell, shi ne na asali a Windows Terminal. An samu ci gaba, amma shuɗin nan har yanzu wajen 2.4 yake a kan bangonsa.

In aka juya bango ya zama fari, sai masu laifi su sauya. Shuɗi ya haura zuwa 8.6, ya fito raɗau. Rawaya kuwa, wadda ke da kusan 19.6 a kan baƙi, ta faɗo zuwa 1.07. Kore zalla ya faɗo ƙasa da 1.4. Kuma rawaya ce launin da manhajoji suka saba rubuta gargaɗi da ita.

## Me ya hana a zaɓi launin da zai yi a ko'ina

Wannan ita ce tambayar da kowa zai fara yi, kuma amsarta tana cikin lissafin. Kafin launi ya kai 4.5 a kan baƙi, sai ƙarfin haskensa ya kai 0.175. Kafin ya kai 4.5 a kan fari, dole kada ya wuce 0.183. Tsakanin waɗannan lambobi biyu kaɗai ake samun launin da zai tsallake a ɓangarorin biyu, kuma da ƙyar yake tsallakewa. In bangon bai cika baƙi ba ko bai cika fari ba, kamar yadda yawancin tsare-tsaren launi suke, wannan ƴar tazarar ma rufewa take yi. Mai rubuta manhaja da bai san bangon mai amfani da ita ba, ba shi da launin da zai zaɓa ya kwanta da hankalinsa.

## Inda masana suka rabu

Ɓangare na farko na ganin manhaja ta tsaya a kan launuka 16 na asali, ta bar wa taminal da mai ita zaɓen zurfi. Hujjarsu ita ce mai kwamfuta ne kaɗai ya san idonsa da allonsa. In shuɗi ya yi masa duhu, zai gyara shi sau ɗaya a saitin taminal, duk manhajojin da ke aika lamba 34 su gyaru tare. Kamfanin GitHub ya karkata nan a 2025, lokacin da ya ƙara wa manhajarsa ta taminal zaɓin amfani da waɗannan launuka na asali saboda masu raunin gani. Raunin wannan ra'ayi shi ne ya ɗauka kowa ya san akwai saitin, kuma ya san inda yake. Wanda ya fara taɓa Linux jiya bai sani ba.

Ɓangare na biyu na cewa tunda taminal ta zamani na iya nuna launuka 256, har ma sama da miliyan 16, gara manhaja ta faɗi ainihin launin da take so, ta daina dogara da fassarar kowace taminal. Wannan yana sa allon malam da na ɗalibi su zo ɗaya. Amma yana ƙwace iko daga hannun mai amfani, domin launin da aka ƙayyade da lamba ba ya bin tsarin da ya zaɓa. In mai manhajar ya gwada aikinsa a kan baƙin bango kawai, mai farin bango zai tarar da ruwan toka mai haske a kan fari, kuma saitin launuka 16 ba zai cece shi ba. Wannan hanya tana da aminci ne idan manhajar ta zana bangonta da kanta, ta mallaki ɓangarorin biyu.

Ɓangare na uku su ne masu cewa taminal ta zama alƙali, tunda ita kaɗai ke ganin rubutu da bango a lokaci guda. Nan VS Code ta tsaya. iTerm2 ta kwamfutocin Apple ta daɗe da irin wannan saitin, Windows Terminal ma tana da wanda ke gyara launukan da suka saje. Amfaninsa a fili yake: sabon shiga yana samun kariya ba tare da ya nema ba. Masu suka suna da hujjoji biyu masu ƙarfi. Na ɗaya, idan aka ture launuka daban-daban zuwa haske ɗaya, sukan koɗe su yi kama da juna, har ja mai duhu da ja mai haske su rasa bambanci. Na biyu, wani rubutun da gangan aka dusashe shi, kamar shawarar da taminal ke nunawa kafin a gama buga umarni, don a gane ba a riga an buga shi ba. In aka haskaka shi, sai ya yi kama da ainihin umarni. Duk da haka, a ma'aunin wanda ya fi cutuwa, ƙwararren da launinsa ya koɗe ya san yadda zai kashe saitin, sabon shigan da rubutu ya ɓace masa bai ma san akwai abin da ya ɓace ba. Ta wannan fuskar kunna shi tun asali ya fi kusa da daidai.

Akwai kuma masu ganin tsananin bambanci shi ma cuta ne. Fari fat a kan baƙi ƙirin cikin ɗaki mai duhu yana kashe ido, haruffa su riƙa yin kamar suna tartsatsi. A kan wannan tunani Ethan Schoonover ya fitar da tsarin Solarized a 2011, ya rage bambancin da gangan, kuma tsarin ya karɓu ƙwarai. Sai dai a nau'insa mai farin bango, rubutu na yau da kullum wajen 4.1 yake, bai kai sharaɗi ba. A nau'insa mai duhu kuma, gurbin "baƙi mai haske" an ba shi launin bangon kansa, don haka duk manhajar da ta yi rubutu da wannan gurbin, rubutun ba ya fitowa ko kaɗan. Tsarin da aka yi don mai doguwar zama a ɗaki mai daidaitaccen haske, gaban allo mai kyau, ba lalle ya dace da mai zama a zaure ƙofa a buɗe ba.

Shi kansa lissafin WCAG bai tsira daga suka ba. Masu wata sabuwar hanyar awo da ake kira APCA suna cewa yana kumbura sakamako idan launukan biyu masu duhu ne, har ya ba da shaidar cin jarrabawa ga abin da ido ke wahala da shi, kuma bai kula da sirantar haruffa yadda ya kamata ba. Wannan suka ta shafi taminal kai tsaye, tunda yawanci bangonta baƙi ne, haruffanta ƙanana. Kundin WCAG 3 da ake sa ran zai sake duba batun har yanzu daftari ne, don haka 4.5 ce ke aiki.

## Ɗakin da aka yi lissafin, da rumfar da ake aikin

A nan ne batun ya fi shafar mutanen karkara, kuma nan ne ba a cika tsayawa ba. Waccan 0.05 da ake ƙarawa a lissafi tana wakiltar hasken ɗaki da ke faɗa wa allo ya dawo cikin ido. An ɗauka ɗakin mai matsakaicin haske ne, allon kuma yana da ƙarfinsa. Hasken ofis yakan kasance tsakanin 300 da 500 a ma'aunin laks. Rana tsaka tana iya kaiwa 100,000, kuma ko inuwar bishiya ta ninka ofis sau da yawa. Hasken da ke dawowa daga allo yana hawa kan rubutu da bango baki ɗaya, ya cinye tazarar da ke tsakaninsu.

A gwada da lissafin misali. A ce hasken da ke dawowa ya ninka sau 10, 0.05 ta zama 0.5. Fari a kan baƙi zai sauko daga 21 zuwa 3. Rubutun da ya ci 4.5 daidai a kan baƙin bango zai koma 1.35, kusan inda tsohon shuɗin Windows yake. Wanda ya ci 4.5 a kan farin bango zai koma wajen 2.2. Abu biyu ke fitowa daga nan. Cika sharaɗin 4.5 ba ya nufin za a iya karatu a waje. Kuma idan haske ya yi yawa, farin bango ya fi jurewa.

Rage hasken allo yana yin aiki iri ɗaya da ƙaruwar hasken waje. Wanda ke garin da wuta ba ta zama, ko yake kai laftof wurin mai caji, dole ya rage haske don batir ya kai shi yamma, kuma laftof da kanta takan rage da zarar an cire ta daga wuta. A haɗa da cewa yawancin na'urorin da ake saye a Titin Beirut ko Farm Centre a Kano na hannu ne, fitilar bayan allonsu ta riga ta tsufa, wasu kuma masu allon nan ne da launi ke sauyawa in an ɗan karkata kai. A haɗa da ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan gilashi tana watsa haske. Kowanne yana yankar wani abu daga bambancin da ya rage.

Wani kuskuren fahimta da ya yaɗu shi ne baƙin bango yana tanadin batir. Haka ne a allon OLED, irin na wasu wayoyi, inda kowane ɗigo ke kunna kansa. A allon LCD kuwa, wanda shi ne a kusan duk laftof ta hannu, fitilar baya a kunne take ko bangon baƙi ne ko fari. Mai irin wannan na'ura ba ya tanadin komai da baƙin bango. Hasali ma farin bango na iya ba shi damar rage fitilar ya ci gaba da gani.

Majigin aji ma haka. Majigi ba ya iya haska baƙi, baƙinsa shi ne launin bangon ajin a yadda hasken taga ya bar shi. Malamin da ya haska baƙar taminal a aji mai buɗaɗɗun tagogi da rana, ƴan layin baya ba abin da suke gani sai inuwar haruffa.

Wannan ba ya nufin fari ya fi a kowane hali. Binciken da aka yi a jami'ar Düsseldorf ta Jamus ya nuna masu lafiyayyen ido sun fi gano kurakurai a rubutu mai duhu kan farin bango, domin hasken yana tsuke ƙofar ido, hoto ya ƙara fita. Amma mai yanar ido sau da yawa ya fi samun sauƙi da rubutu mai haske kan baƙi, saboda yawan haske yana watsuwa a cikin idonsa ya zame masa hazo. Da dare kuma, a ɗakin da ba fitila, farin allo yana da zafi. Laftof ɗaya tana bukatar tsari biyu, na rana da na dare.

## Abin da ake asara idan rubutu ya dushe

A taminal harafi ɗaya yana sauya ma'anar umarni, kuma umarnin goge fayil ba ya ajiye abin da ya goge a kwandon shara. Wanda bai bambance sifili da harafin O ba, ko 1 da ƙaramin l, yana iya shafe aikin wata guda ko ya saita rautar wani ba daidai ba. Masu sunayen fayil da Hausa suna da ƙarin nauyi, domin abin da ya raba ƙ da k, ko ɗ da d, ɗan lanƙwasa ne da ke fara ɓacewa idan haske ya yi ƙasa ko harafi ya yi ƙanƙanta.

Asarar da ta fi yawa ba ta kai wannan tsanani ba, amma ta fi daɗewa. Saƙon kuskure yakan zo da ja mai duhu, gargaɗi da rawaya, ƙarin bayani da ruwan toka. Ɗalibin da ba ya ganinsu da kyau yakan tsallake su, ya sake buga umarnin, ya sake cin data, a ƙarshe ya yanke cewa kansa ne ba ya ja. Malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya haura shekara 40, lokacin da ganin kusa ke fara raguwa, shi ne ya fi saurin ajiyewa.

Akwai kuma masu wahalar raba ja da kore. A tsakanin ƴan asalin arewacin Turai kusan namiji 1 ne cikin 12, a Afirka adadin bai kai haka ba, amma akwai su, kuma da yawa ba su san da larurar ba. Ƙara haske ba ya yi musu magani. Abin da ke taimakonsu shi ne sharaɗin WCAG da ya hana a dogara da launi shi kaɗai wajen isar da ma'ana. Git, manhajar da ke bin sauye-sauyen da aka yi wa fayil, misali ne mai kyau: layin da aka cire ja ne, wanda aka ƙara kore, amma kowanne da alamarsa ta ragi ko ta tarawa a farkonsa, ko an cire launin ana ganewa.

## Abin da ke hannun mai kwamfuta, da abin da ba ya hannunsa

Gyara mafi sauri shi ne girman haruffa. A yawancin taminal ana danna Ctrl tare da alamar tarawa, a Termux ta wayar Android kuma ana buɗa yatsu biyu a kan allo. Sai shuɗi: a saitin launuka na Windows Terminal ko PuTTY ko taminal ɗin Ubuntu, a nemo gurbinsa a ƙara masa kore da ɗan ja har ya fito. Wanda matsalarsa sunayen folda ce kawai, a Linux yana iya sauya di=01;34 zuwa di=01;36 a cikin LS_COLORS, saitin launukan umarnin ls, sunayen su koma ruwan sararin sama, wanda ke fita sosai a kan baƙi amma yake dushewa a kan fari. A VS Code saitin sunansa terminal.integrated.minimumContrastRatio. Lamba 1 tana kashe shi, 7 tana tsananta shi, 21 tana mayar da komai baƙi ko fari. Mai aiki a inuwar waje ko da tsohon allo, 7 ta fi dacewa da shi. Wanda launi ya ishe shi gaba ɗaya, akwai yarjejeniyar NO_COLOR da aka fara a 2017: in aka saita ta, manhajojin da suka amince da ita suna daina zuba launi, kodayake ba duka suka amince ba.

Masu cibiyoyin koyar da kwamfuta suna da dama fiye da kowa, domin su ke saita na'urori kafin ɗalibi ya zauna. Farin bango da manyan haruffa a majigi, da minti goma a darasin farko kan yadda ake sauya launi, sun isa su rage yawancin ƙorafin da ake kaiwa gare su.

Ta ɓangaren doka, WCAG don shafukan intanet aka rubuta shi. W3C ta fitar da wani bayani a 2013 kan yadda za a yi amfani da shi a manhajojin da ba na intanet ba, har da na taminal, amma bayanin shawara ne. Dokar Tarayyar Turai kan sauƙaƙa kayayyaki ga masu larura, wadda ta fara aiki ranar 28 ga Yuni 2025, tana matsa wa kamfanonin da ke sayarwa a can, kuma duk gyaran da suka yi yakan iso nan tare da sabuwar siga, ga wanda ke da datar sauke ta. Yawancin ƙananan manhajojin taminal kuwa ƴan sa-kai ne ke rubuta su, kuma suna gyara abin da aka kai musu rahoto ne. Rahoton da ya faɗi sunan taminal, da launin bango, da hoton allo kamar yadda yake fitowa da rana, shi ne irin wanda suke iya aiki da shi. Matasan Kano da Jigawa da suka fara rubuta nasu kayan aikin kuma, gwaji uku ne a gabansu kafin su saki manhaja: a baƙin bango, a farin bango, sannan ba launi ko ɗaya.